Gudu da gas: littafin aikin tirelolin Kawu

8 Janairu 2024

Yau na buɗe wannan rubutun don kar abubuwa su riƙa ɓace min, tunda Kawu ya damƙa min lissafin motocinsa a ƙarshen shekarar da ta wuce. Tirela bakwai ce, DAF huɗu 'yan Beljiyam da Howo uku, kuma hanyarmu kusan ɗaya ce kullum, mu yi lodin riɗi ko zoɓo a Dawanau mu kai Legas, mu dawo da fulawa ko kayan kwantena in an samu. Abin da ya fi cin kuɗin tafiya shi ne gas, wato man dizal, ba taya ba, ba kuɗin hanya ba, gas. Lita ta haura naira 1,000 tuntuni, abin da kafin 2022 ko 400 bai kai ba, kuma shi gas dama ba shi cikin tallafin da aka cire a Mayun bara, ya daɗe a hannun kasuwa, duk rawar da dala ta yi sai ya bi ta.

Tsarin da na tarar shi ne a ba direba kuɗin lita 1,100 zuwa da dawowa, in ya rage nasa ne, in kuma bai isa ba ya bugo waya daga Ogere ko Mokwa ya ce gas ya ƙare a turo. Wato ragowa tasa, giɓi namu. Sannan alawus ɗinsa a kan tafiya ne, wanda ya fi yawan zuwa shi ya fi samu, to me zai hana shi taka mota? Abin da nake so in gwada shi ne a taƙaita gudu, in ga da idona ko da gaske yana rage shan gas ko magana ce kawai ta masu sayar da na'ura.

22 Janairu

Ban taɓa ko mota ɗaya ba tukuna, awo kawai nake. A cika tanki har baki a gidan mai ɗaya a hanyar Zariya, in rubuta kilomitar da ke kan mita, duk inda aka ƙara a hanya a kawo rasit, in mota ta dawo a sake cikawa har baki a famfo ɗaya. Biyu daga cikin DAF ɗin mitarsu ta mutu, sai da tiraka, na'urar bin sawun mota, nake ganin nisan. Tirakar ce ma ta tayar min da hankali, don na ga farar DAF ɗin nan ta taɓa gudun kilomita 104 a awa tsakanin Zariya da Kaduna da tan talatin na riɗi a bayanta. Dokar hanya ta Najeriya 60 ta ba tirela da tanka a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Kuma tun 1 ga Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara kama motocin haya da ba su da limita, wato na'urar taƙaita gudu. Takardar limita kam akwai ta a motocinmu duka, a cikin leda tare da sauran takardu, amma na'urar ko an cire ko an zagaye ta da waya. Wannan ya dame ni sosai, sunan Kawu ne a jikin takardun nan.

10 Fabrairu

Sakamakon awon farko, tafiya goma sha ɗaya. DAF na ba da kilomita 2.1 a lita, Howo 1.9. Zuwa da dawowa ta Dikko, Lambata, Bida, Mokwa, Jebba, Ilori yana kama mana wajen kilomita 2,200 in an haɗa da zagaye-zagayen cikin Legas.

Na zauna da makanikenmu da mai wayarin. Su DAF ɗin abu ne mai sauƙi, injinsu da kwamfuta yake aiki, kuma a Turai doka ce babbar mota kar ta wuce 90 don haka da limitarsu suke zuwa a cikin ƙwaƙwalwar, a nan ne ake kai su wurin masu laftof su buɗe. Mayarwa kawai za a yi a sa lambar da muke so. Howo 371 kuwa famfonta na gargajiya ne ba kwamfuta, dole sai an sayo na'ura daban an ɗaura, mai rage gas ɗin da ke zuwa famfo idan mota ta kai iyaka.

Na yanke mu sauka mataki-mataki, 80 tukuna, sai 70, sai mu isa 60 ɗin da doka ta ce. Na san 80 ma ta wuce doka, amma mutumin da ya shekara ashirin yana taka 95 in ka jefa shi 60 a rana ɗaya, makulli zai ajiye maka ko ya biya a Tafa a cire masa.

24 Fabrairu

Taro da direbobi a gareji bayan la'asar, kuma bai yi daɗi ba. Babban direbanmu, wanda tun ina firamare yake jan motar Kawu, shi ya fara magana. Ya ce ɗana, kai a kan takarda kake tuƙi, mu a kan kwalta. Ya kawo abu uku kuma wallahi duk ukun da gaskiyarsu. Na farko, lokaci, in ka makara a Apapa, tashar jiragen ruwa ta Legas, layi ya wuce ka sai ka ƙara kwana biyu. Na biyu, wuce mota, in kana bayan tanka mai tafiyar 75 kai kuma an ɗaure ka a 80, za ka daɗe a hannun da ba naka ba kafin ka gama wuce ta, a hanya irin ta Bida zuwa Mokwa mai hannu ɗaya wannan ba wasa ba ne. Na uku shi ya fi nauyi, ya ce in mutanen daji suka fito maka da dare me za ka yi da mota mai limita?

Na ce Baba, na ji, a ba ni in amsa na farkon da lissafi. A cikin kilomita 1,000 da wani abu na zuwa, ina ne ainihin inda tirela ke iya sakin jiki? Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna inda aka gyara, ɗan wani wuri kafin Dikko, Ilori zuwa Ogbomosho, Oyo zuwa Ibadan, sai Ibadan zuwa Legas. In ka tara su da kyar su wuce 400. Sauran ramuka ne da shingaye da kasuwannin bakin titi, Lambata zuwa Lapai zuwa Agaie ko an ce ka yi 50 ba za ka iya ba. Kilomita 400 a gudun 90 awa huɗu da rabi ne, a 70 kuma awa biyar da minti arba'in da 'yan kai. Bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, a tafiyar da ke cin kwana uku. Ya yi shiru, amma ba shirun yarda ba ne.

Maganar dare kuma ba ni da amsar da ta wuce a daina bin wuraren da dare. Tirela mai lodi ko ba limita ba ta tsere wa babur da bindiga. Mun yi yarjejeniya duk wanda magariba ta kama shi kafin Kaduna ya kwana Mararrabar Jos, kuma kuɗin kwanan a kanmu ne ba a aljihunsa ba.

A satin nan ne ma ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO ta yi yunƙurin ajiye tankoki saboda tsadar gas, to kowa a garejin ya san ba ni na ƙirƙiro matsalar ba.

9 Maris

An sa 80 a DAF huɗu. Howo ɗaya aka ɗaura wa na'ura, sauran biyun suna hanya. Azumi jibi ko gata.

30 Maris

Abin da na ji tsoro ya faru amma ta wata fuska. Tiraka ta nuna ɗaya daga cikin DAF ɗin ta yi 97 a gangaren da ke kusa da Jebba, alhali an ɗaure ta a 80. Na kira yaron motar gefe ya gaya min gaskiya, oga yana sakin furi ne. Wato ya cire giya a gangara mota ta tafi da nauyinta, limita kuwa gas kawai take iya yankewa, ba ta taka burki.

Wannan ɗabi'a ta daɗe a wurin direbobinmu, suna ganin tanadin gas ne, kuma na daɗe ina bayani kafin a fahimce ni. A injin mai kwamfuta irin na DAF, in kana gangara da giya a ciki ka ɗaga ƙafa daga totur, gas ɗin yankewa yake gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa furi kuwa dole injin ya sha gas don kar ya mutu. To ka ga ba riba, sai hasara. Ga shi ka rasa burkin injin, komai ya koma kan burkin ƙafa, ga kwamfresa tana juyawa a hankali iska ba ta taruwa da sauri, kana ta taka burki yana zafi iska na raguwa, haka ake jin wai burki ya tsinke. Kuma ƙarfin da burki zai kashe a gudun 90 ya ninka na 60 sau biyu da kwata, ba sau ɗaya da rabi ba kamar yadda ido ke gani. Ban kori direban ba, yana da iyali kuma ba mugu ba ne, amma na gaya masa a gaban kowa cewa na biyu babu zama.

20 Afrilu

An yi sallah lafiya. Matatar Dangote ta sanar da sauke gas zuwa naira 1,000 a wurinta, amma kafin ya iso famfon Kano an ɗora kuɗin dako da riba, sauƙin da muka gani kaɗan ne.

Lissafin 80 ya fito, DAF ta koma 2.25 a lita. A tafiya ɗaya kusan lita 70 kenan. Na kai wa Kawu takardar da daddare, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya ce kai ɗan nan, ina wannan gas ɗin yake zuwa da? Na ce Kawu iska ke shanye shi. Haka ne kuwa, turjiyar iska ba daidai take hawa da gudu ba, in ka ninka gudu ita sau huɗu take ninkuwa. Tsakanin 70 da 100 ma kawai ta ninka sau biyu. Gaban tirela kuwa bango ne, ga lodin zoɓo da ake tula shi sama ya wuce kan mota, tamfol yana kaɗawa kamar tuta. A ƙananan gudu nauyi da taya ne ke cin gas, da ka haura 70 zuwa 80 iska ta fara karɓe ragamar.

11 Mayu

A nan ne na gane kuskuren tsarina, kuma na fi daɗewa a kansa fiye da komai. Tunda na ga motoci sun rage sha, sai na rage kuɗin gas ɗin tafiya daga na lita 1,100 zuwa na lita 1,030. Cikin sati biyu lissafi ya lalace, rasit suka fara zuwa da lambobin da ba su yi kama da gaskiya ba, Howo ɗin da aka sa wa na'ura ta dawo waya a tsinke wai bera ne. Na ji haushi ƙwarai, har na rubuta sunayen waɗanda zan dakatar.

Baba ne ya same ni a ofis bayan kowa ya watse. Ya ce ɗana, ka ƙara mana awa a hanya, ka rage mana yawan zuwa, ɗan ragowar da muke sayar wa 'yan bumburutu mu yi cefane ka zo ka yanke, to mu me muka ci a cikin wannan gyara naka? Ya ce buhun shinkafa nawa yake yau, ka sani? Na sani. Na kasa ce masa komai, don gaskiya duk ribar na tura ta ɓangare ɗaya, wahalar kuma na bar wa waɗanda ke kwana a ƙarƙashin mota sauro na cizonsu.

Na koma wurin Kawu muka yi kwana biyu muna ja. Abin da muka tsaya a kai: a daina ba da kuɗin gas a hannu, mu biya gidajen mai uku kai tsaye, ɗaya a Kano ɗaya a Mokwa ɗaya a Ogere. A kafa ma'auni ga kowace mota bisa awon Janairu, duk litar da direba ya rage ƙasa da ma'aunin a raba kuɗinta biyu, rabi nasa a ba shi a fili ranar da ya dawo, kuma ya cire wa yaron motarsa kashi ɗaya cikin biyar. Sannan a ƙara albashin wata don kada komai ya rataya a kan yawan zuwa. Kawu ya ce in abin ya ci mu kai za ka yi bayani. Na ce na yarda.

8 Yuni

An sauka 70 a duka bakwai, wannan karon ba hayaniya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne direbobin da kansu suka fara kawo abubuwan da ban ma yi tunaninsu ba. Ɗaya ya ce a saya musu gejin iska, tayar da iskarta ta yi ƙasa tana jan gas kuma tana saurin zafi ta fashe, dukan taya da ƙarfe a ji ƙara ba awo ba ne. Wani ya ce motarsa na cin gefen taya a duba saitin ƙafafun bodin. Sai maganar barin injin a kunne, a layin Apapa ko wurin kwana sai a bar mota na aiki awa da awanni don fanka da cajin waya ko don tsoron batir ya ƙi tashi da safe, babban injin kuwa yana shan lita biyu zuwa uku a awa yana tsaye. Mun canza batura a mota uku, mun saya wa kowa ƙaramar fanka mai caji. Da, wa zai gaya maka wannan?

Lodin raguna na babbar sallah mun ƙi karɓa bana, don masu dabbobi so suke a kai Legas ba tsayawa kuma suna hawa saman mota, ba zai haɗu da 70 da hana tafiyar dare ba. Mun rasa kuɗi mai kyau, Kawu bai ji daɗi ba amma bai tilasta ba.

13 Yuli

Tafiya 19 a kan 70 da sabon tsari. DAF 2.4, Howo 2.1. Idan ka kwatanta da Janairu, DAF na rage wajen lita 130 a zuwa da dawowa. Ba zan ce duk limita ce ba, a ciki akwai iskar taya, akwai kashe injin, akwai kuma gas ɗin da da yake bin jarka yanzu ya daina, kuma ba ni da hanyar raba su dalla-dalla tunda kusan tare suka zo. Damina ma ta shigo, hanyar Agaie ta ƙara lalacewa, wata motar ta kwana biyu a cunkoso saboda wata tirela ta kafe a taɓo.

Abin da ban sa a lissafi ba tun farko: tun Maris taya biyu kawai suka fashe mana a hanya, makanike kuma ya ce takalman burkin farar DAF da ya saba canzawa har yanzu da sauransu.

Maganar wuce mota da Baba ya kawo tana nan ba ta warware ba. Yanzu sukan daɗe a bayan tanka suna jiran miƙaƙƙen wuri, wani lokacin ƙananan motoci su taru a baya suna hon suna zagi. Na ce su haƙura da zagin.

6 Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara 1 ga wata ta tsayar da komai, an sa dokar hana fita a Kano. Mota uku na gareji, biyu na ce su tsaya a Ogere, biyu a Mokwa har a ga yadda hali zai yi. Alawus ɗin kwana yana tafiya. Awon wannan watan ba zan haɗa shi da sauran ba.

14 Satumba

Gwajin 60 a mota biyu, DAF ɗin Baba da Howo ɗaya, shi ya ce a fara da tasa. Tafiya uku-uku suka yi. Ribar gas daga 70 zuwa 60 ƙarama ce ƙwarai, a Howo an ɗan gani, a DAF kusan babu. Dalilin a giya yake, an ƙera DAF ɗin ne don ta zauna a giyar ƙarshe a wajen 80 zuwa 85 allurar injin na cikin koren wuri, a 60 da cikakken lodi allurar na faɗowa ƙasa mota ta fara nishi, dole ya sauko rabin giya ko ɗaya, abin da aka samu daga iska sai a mayar wa injin. Lokaci kuma ya ƙaru da kusan awa ɗaya a kan na 70.

To in don gas ne kawai da a 70 zan tsaya. Amma doka 60 ta ce, kuma takardar da ke cikin ledar nan 60 take nufi, ba na so jami'in FRSC ya sa na'urarsa ya ga wani abu daban da abin da muka sa hannu a kai. Baba ya ce shi dai bai ƙi ba, gajiyarsa ma ta ragu, in ya iso Ibadan kafaɗunsa ba sa ciwo kamar da, amma samarin za su yi ƙorafi don rabonsu ba zai ƙaru ba lokacinsu kuma zai ƙaru. Na gaya wa Kawu in za mu sauka 60 a duka sai an ƙara alawus ɗin kwana, ya ce in kawo masa lissafin a rubuce.

28 Satumba

Kawu ya amince da ƙarin alawus, daga 1 ga Oktoba. Mai laftof zai zo ranar Litinin ya sa 60 a DAF biyun da ke gareji, ta ukun tana Apapa sai ta dawo. Howo biyu za a kai wurin dillalin da FRSC ta amince da shi ya saita ya ba da sabuwar takarda, na ce a sa hatimin dalma a kan wayar don in an taɓa a gani. Mitar DAF biyun nan da ta mutu har yau ba a gyara ba, an ce sai an samo na'urar daga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, na ba direban da ke Legas kuɗin ya taho da ita. Ma'aunin rabon gas kuma zan sake shi a watan Nuwamba in hanya ta bushe, don na damina ba zai yi wa kowa adalci ba.